GWANGWANIN INNA: TARIHIN KUƊIN CEFANE A GIDAN BAƘO

 Yau ina so ne mu ɗan taɓa tarihin wani abu da kullum muke fama da shi amma ba mu cika zama mu yi tunani a kansa ba, wato kuɗin cefane da yadda iyayenmu suka riƙa tattalinsa. Ni ba malamin tarihi ba ne, karatuna a sakandare ya tsaya, daga nan na koma rumfar Baba. Abin da zan kawo, wani a bakin manya na ji shi, wani kuma a littattafai na tsinta.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani tsohon gwangwanin madara na kakata, wadda muke kira Inna. Ranar da ake gyaran ɗakinta aka fito da shi daga ƙarƙashin gado, na buɗe sai na ga wuri guda bakwai, da anini mai huda a tsakiya, da manyan kwabbai, da sisi, da wata tsohuwar takardar naira ɗaya. Na ce, "Inna, wannan dukiya haka kika ɓoye mini?" Ta yi dariya ta ce, "Kai tafi can, mijin banza da ba ya ba da cefane. Duk abin da ka gani a nan, akwai ranar da ya ciyar da gida, yau kuwa ko ƙosai ɗaya ba zai saya maka ba." To wannan magana ita ce ta tsaya mini a rai.

ZAMANIN WURI

Da farko dai, kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce. Wuri kuwa ba a ƙasarmu ake samunsa ba, daga tsibiran Maldibis na tekun Indiya ake kwaso shi, ya ratso duniya kafin ya iso kasuwar Kurmi. Ana ƙirga shi ne a ƙasa, biyar-biyar, kuma wuri 20,000 shi ake kira keso, wanda kaya ne sosai na ɗaukar ƙato. Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, kuma a lissafinsa wuri 50,000 zuwa 60,000 kan riƙe iyali guda shekara ɗaya, har da suturarsu. Ka ga ke nan keso uku ya isa magidanci ya kwana da daɗi daga kaka zuwa kaka.

Amma fa kada ɗan uwa mai karatu ya ɗauka faɗuwar darajar kuɗi a zamaninmu ta fara. A cikin rabin ƙarshe na wancan ƙarni, kamfanonin Turawa sun yi ta jibgo wani irin wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar zuwa bakin tekun Afirka ta Yamma, ya yi yawa har darajarsa ta zube. Wanda ya tara keso a ɗaka yana ganin ya yi arziki, sai ya wayi gari abin da keson zai saya ya ragu, alhali ko wuri ɗaya ba a sata masa ba. Shi ya sa mutanen da ba a wuri suke ajiye dukiyarsu ba. Ajiyar talaka tana cikin rumbu da garke, ta attajiri kuma tana cikin tufafi da goro da gishiri da dawaki.

A ƙauye kuwa, cefane kamar yadda muka san shi yau kusan babu shi. Maigida ne ke riƙe da rumbun gandu, kullum ya buɗe ya auno hatsin da za a daka, kuka da kuɓewa da daddawa kuma akasari na gida ne. Tsarin kashe kuɗin gidan gaba ɗaya a tambaya ɗaya ya ƙare: dami nawa aka samu bana, kuma za su kai mu wata kakar?

KUƊIN BATURE DA JIRGIN ƘASA

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar, sai suka hana shigo da wuri, suka kuma matsa a riƙa biyan haraji da kuɗinsu na ƙarfe. A 1912 aka kafa hukumar da ke buga kuɗi domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Ga yadda Inna ta jero mini su, har yau ba ta manta ba: anini 10 kwabo ɗaya, ɗari rabin kwabo, ahu kwabo ɗaya da rabi, taro kwabo 3, sisi kwabo 6, nai kwabo 9, sule kwabo 12, fataka sule 2, fam kuma sule 20. Wato fam ɗaya anini 2,400 ke nan. Ta ce a ƙuruciyarta mace takan yi shekara ba ta riƙe fam a hannunta ba, duk harkarta tsakanin anini da taro take.

A daidai wannan lokaci ne kuma Minna ta zama gari. Ƙasar ta Gwarawa ce, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, su muka tarar kuma su suka ba mu masauki. Layin dogo da aka faro daga Baro a 1907 ya bi ta nan ya isa Kano a 1911, ba a daɗe ba kuma layin Ikko ya zo ya haɗe da shi a Minna. Tasha ta jawo leburori da 'yan koli da mahauta da malamai da masu abinci, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo, tsofaffin unguwanni irin su Limawa da Kwangila suka cika. Kakana ya zo daga baya, shekaru kaɗan kafin samun 'yancin kai, daga wani ƙauye kusa da Funtuwa. Cin rani ya kawo shi, da niyyar in damina ta faɗi ya koma. Ga mu nan har yau, jikokinsa, a Maitumbi.

A nan ne babban bambancin yake, kuma shi ne zuciyar maganata. Bahaushen da ya bar gida ya bar rumbu a baya. Ba shi da gonar gado a nan, ba shi da kukar bayan gida. Tun daga hatsi har itacen girki da ɗakin da zai kwana, komai sai ya sa kuɗi. Aljihunsa shi ne rumbunsa. Sannan ba gida ɗaya yake riƙewa ba, biyu ne: akwai na nan, akwai kuma iyaye da ƙanne a can arewa da ke sauraron aike, musamman lokacin shuka da azumi da salla. Duk dabarun da iyayenmu suka ƙirƙiro, don su cike gurbin wannan rumbu da suka baro ne.

MAIGIDA SHI NE BANKI

Dabara ta farko ita ce amana. Baƙo in ya sauka, wurin maigida yake sauka, wato wani ɗan garinsu ko ɗan yarensu da ya riga shi zama. Shi zai ba shi ɗakin zaure, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in za a ba shi kaya bashi, kuma a wurinsa zai ajiye cinikinsa. Wani masani mai suna Abner Cohen ya yi bincike a Sabon Ibadan, littafinsa ya fito a 1969, ya nuna yadda fataucin shanu da goro tsakanin arewa da kudu ya tsaya kacokan a kan irin waɗannan masu gidaje, dukiya mai yawa tana yawo babu takarda sai mutunci. Abin da ya gani a Ibadan shi kakana ya tarar a Minna. Shekara huɗu kuɗinsa na cikin adakar maigidansa, in zai yi aike gida ya je ya karɓa, kuma da wannan ajiya aka yi masa aure da Inna.

Banki kuwa na Bature ne da manyan attajirai. Ana ba da labarin yadda Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 bankin Turawa a Kano. Amma ƙaramin ɗan kasuwa lalitarsa ce a ɗaure a ƙugu, ga kuma tsoron kuɗin ruwa da ya sa da yawa ko ƙofar banki ba sa so su bi.

ƁANGAREN IYAYENMU MATA

In ana tarihin kasuwanci, maza ake ambata. Amma ni abin da na gani da idona shi ne, ranar da kasuwa ta juya wa Baba baya, daga cikin gida ceto ke fitowa. A al'adarmu ci da sha da sutura da muhalli nauyin miji ne, abin da mace ta samu da sana'arta kuma nata ne. Baturiya Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa matan kulle suna gudanar da wata kasuwa babba daga cikin ɗakunansu, yara na kai da kawowa. Haka abin yake a nan: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, ƙosai, waina, ɗinkin hula, kitso.

Ribar kuma hawa-hawa ake ajiye ta. Matakin farko haɓar zane. Na biyu asusu, ɗan tulun yumɓu mai tsaga wanda ba a ciro komai daga cikinsa sai an fasa, kuma wannan shi ne amfaninsa, domin kunyar fasawa kan hana ɓarna. Na uku adashi. Mata goma, misali, kowace ta zuba dubu ɗaya duk Juma'a wurin uwar adashi, mutum ɗaya ta kwashe dubu goma, a zagaya har mako goma. Babu riba babu kuɗin ruwa, amma ya mayar da ƙananan kuɗin da za su narke a hannu sun zama dunƙule. Ba mu kaɗai muka san shi ba, Nufawa na kiransa dashi, Yarbawa na cewa esusu, shi ya sa a Maitumbi za ka ga adashi ɗaya ya haɗa Bahausa da Banufiya da Bagwariya.

In aka kwashi adashi, ba a barinsa ya kwana a matsayin kuɗi. Sai a mayar da shi tunkiya ko akuya, ko kwanukan jere, ko ɗan kunnen gwal. Mu yaran yanzu muna yi wa jeren kwanukan tsofaffi dariya, amma Inna ta ce mini, "Wannan da kake gani ba ado ba ne kawai. In ciwo ya zo da tsakar dare, kwalla ɗaya za a ɗauka a kai wa dillaliya." Akwai kuma biki, wato gudummawar da ƙawaye ke kai wa juna ranar suna ko aure, wadda ake riƙewa a ka, a mayar da abin da ya fi in ranar ɗayar ta zo. Shi ma ajiya ce, sai dai a hannun mutane aka yi ta.

NAIRA DA DARUSSANTA

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959 ya fito da fam na ƙasa. An canza takardun kuɗi a 1968 ana cikin yaƙin basasa. Ranar 1 ga Janairu 1973 kuma naira ta shigo: fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Bakin mutane bai bi gwamnati nan da nan ba, shekaru da yawa 'yan kasuwa na ciniki da fam, kuma jaka, wadda asalinta fam 100 ce, ta zauna a kan naira 200. Shigowar naira ta zo daidai da babban farin da ya ƙone amfanin gona a arewa, Inna ta ce a shekarun nan zauren kakana bai taɓa rabuwa da baƙi daga gida ba, tukunyar da ake ɗorawa don mutum takwas ta koma ta mutum ashirin.

Sai kuɗin mai ya zo. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji har da bashin watannin baya, aka yi ta sayen rediyo da babur, farashin kaya kuma ya tashi bai sake saukowa ba. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, kuɗin haya ya hau. Wannan na cikin abin da ya tura irin su kakana bayan gari, inda fili ke da sauƙi. Ya sayi fili a Maitumbi, a kan hanyar Gwada da Kuta, ya yi ta gini ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce wannan ita ce shawara mafi kyau da aka taɓa yankewa a gidanmu, domin baƙon da ya huta da haya ya sauke rabin kayansa.

Darasi mai zafi ya zo a watan Afrilu na 1984, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki ta canza launin takardun naira, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin banki. Kakana ba shi da asusun banki. Abin da ke hannunsa an samu an canza bayan kwanaki ana bin layi. Amma akwai wani ƙunshi da ya ba wani abokin cinikinsa ajiya a ƙauye, ba a kai gare shi ba sai bayan wa'adi ya wuce. Kuɗin da aka tara don auren ƙanwar Baba ke nan. Tumakin Inna huɗu da adashinta su suka fitar da gidan kunya.

Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ɗan garin nan, ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, naira ta kama gangara. In kana son ganin nisan tafiyar, dubi abu biyu. Takardar naira 20 mai hoton Murtala, wadda ta fito a 1977, ita ce mafi girma har 1991 da aka yi naira 50, sai 100 a 1999, 200 a 2000, 500 a 2001, 1,000 a 2005. Sannan mafi ƙarancin albashi naira 125 ne a 1981, ya zama 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024, amma tambayi kowane tsohon ma'aikaci wanne ya fi cika masa tukunya. Labarin keso ne ya dawo da sabuwar riga. Bankuna ma ba su tsira ba: a 1998 an rufe guda 26 a lokaci ɗaya, abin da ya ƙara wa iyayenmu tsoro, ko da yake buɗe bankin Jaiz da ba ya harkar kuɗin ruwa a 2012 ya sa wasu da dama sun saki jiki.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Na 1984 labari aka ba ni, na 2023 kuwa da ni aka yi. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Baba, da yake ya tuna abin da ya sami mahaifinsa, tun da wuri ya tattara komai ya kai banki, bai bar ko na cefanen mako ba. Sai abin ya zo ta bayan gida: tsofaffin sun shiga, sababbin ba su fito ba. Kuɗinmu na nan a rubuce a waya, amma manomin da ya kawo doya kasuwar Gwada ya ce shi a hannu yake so, mai kayan miya ma haka. Na sha yin asubanci zuwa layin banki in dawo da azahar hannu wofi, masu POS kuma sai ka sayi kuɗinka da kuɗinka. Sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin.

Me muka ci a makonnin nan? Buhun masara da na wake da Umma ta matsa wa Baba ya ajiye tun da kaka, da manja da daddawa da ta saya da kuɗin adashinta, da kuma mutuncin shekara talatin da ya sa mai shagon unguwa ya buɗe mana littafi. Wata rana da dare Baba ya kira ni ya ce, "Zauna ka ji. Mahaifina ya ajiye duka a gida ya yi asara, ni na kai duka banki na sha wuya. Kai kada ka yi ko ɗaya." Bayan wata uku kuma aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya ninka, kowane kwanon awo ya ji a jikinsa.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ga abin da na fahimta daga wannan doguwar tafiya, kuma shi muke bi yanzu a gidanmu.

Na ɗaya, uwar kuɗi daban, cefane daban. Baba yana yanka wa gida abin da zai ci daga riba, aljihun jari kuma ko baƙo aka yi ba a taɓa shi, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yawancin rumfunan da na ga sun rufe a kasuwa, ba ɓarawo ne ya shiga ba, tukunyar gida ce ta cinye su a hankali.

Na biyu, baƙo ya gina wa kansa rumbu ko da buhu biyu ne. A sayi abincin gida da kaka lokacin da yake da sauƙi. Wannan daban yake da ɓoye kaya don a tsauwala wa jama'a, wanda addini ya hana.

Na uku, a raba ƙafa: kaɗan a hannu, wani a banki, wani a dabba ko kaya. Yawo da kuɗi masu yawa a hanyoyin ƙauyukan Shiroro ya zama haɗari tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, saboda haka banki ya zama dole, amma ba shi kaɗai ba.

Na huɗu, adashi da wanda aka sani, kuma gajere. In kaya na tashi kullum, mai kwasar ƙarshe a adashin shekara guda ya karɓi adadinsa cif amma bai karɓi darajarsa ba. Umma ta taɓa rasa zubin wata biyar a hannun wata uwar adashi da ta tashi daga unguwa da dare. Duk wanda kuma ya ce kawo dubu goma ka karɓi ashirin a wata ɗaya, a tuna da waɗanda MMM ta kwashe wa dukiya a ƙarshen 2016.

Na biyar, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ni ne mai riƙe littafin rumfa da na gida yanzu, kuma sai da muka fara rubutawa muka gane cewa katin waya da ɗan abin taɓawa na yamma sun kusa kamo kuɗin makarantar ƙanina.

Na shida, aiken gida da zakka da gudummawar biki a sa su cikin lissafi tun farkon shekara, kada su zo kamar hadarin bazara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma su ba asara ba ne, domin mutanen da ka taimaka su ne ajiyar da canjin kuɗi ba ya taɓawa.

Gwangwanin dai na mayar wa Inna, bayan na roƙe ta anini ɗaya ta ba ni, ta ce in riƙe shi a matsayin sadakina. Yana cikin aljihun tebur a rumfa, kusa da na'urar POS.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sha wahalar baƙunci domin mu zauna da mutunci, ya saka wa waɗanda suka karɓe mu da alheri, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, ya raba mu da bashin da ba za mu iya biya ba. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum. Naku, ɗan uwanku daga Maitumbi.